Mutumin Ƙarshe da 'Yata Ta Ɗauka Aiki

Manaja muke kiransa, ko da yake ba shi da kowa a ƙarƙashinsa. Daga wani babban kamfani ya zo, inda sunan kamfanin kaɗai ke buɗe masa ƙofa. Namu kuwa ɗaki biyu ne a saman shagon tela, muna sayar wa masu kantin magani manhajar da ke tuna musu maganin da ya kusa lalacewa. 'Yata ce ta kafa shi. Manaja ne mutumin ƙarshe da ta ɗauka kafin rasuwarta, ni kuma na bar koyarwa na zauna a kujerarta.

Ba ya iya zama. Ya leƙa taga, ya duba waya, ya zana a allo yadda zai raba gari tsakanin 'yan talla shida da ba mu da su. Watanni suka wuce bai sayar wa kowa ba.

"Manaja, ina rundunar taka?" in ji injiniyarmu, ƙawar marigayiya.

"Suna hanya, ƙanwata."

"A ƙafa suke tahowa ke nan."

Da ya fita ta rufe ƙofa. "Baba, a sallame shi. Mai taka ƙasa muke buƙata."

Na san gaskiyarta. Amma sallamarsa soke shawarar 'yata ta ƙarshe ce, hannuna ya ƙi. Na tambaye ta yadda marigayiya take yi da sabon ɗan talla. Ta ce ba ta barinsa ya tallata komai sai ya yi mako a bayan kantar wani mai kanti, yana miƙa magani. Ciwo bai bar ta ta kai Manaja ba.

Ni na kai shi. Mai kantin, wata dattijuwa, ta dubi takalminsa mai sheƙi.

"Ɗana, nan tsayuwa ake yi. Za ka iya?"

"Dama zaman ne ba na iyawa, Inna."

Ya wuni yana hawa tsani, yana karanta kwanan wata a gindin kwalabe. Kafin makon ya ƙare ya daina cewa "tsarinmu na zamani". Maƙwabcin dattijuwar, shi ma mai kanti, ya leƙo aron almakashi, Manaja ya tambaye shi kwali nawa na maganin da ya lalace ya zubar bana. Mutumin ya ja kujera. Shi ne cinikinsa na farko.

Ranar da ya dawo ofis ya goge allon da kansa.

"Baba, da kun kore ni da ban ga laifinku ba."

"Saura kaɗan," na ce.

Yana nan har yau, kuma har yau ba ya zama. Duk wanda muka ɗauka, shi yake raka shi bayan kanta, ya tsaya a ƙofa yana karkaɗa makullin mota, ya ƙosa a tafi. Ni ma ban cika daɗewa a kujerar nan ba. Wani lokaci nakan bi su.