Shekarar da Shamuwa Ta Riga Baba Dawowa

A gidanmu da ke wani ƙauye kusa da Fakku, mu biyu ake kira Inna: kakata mahaifiyar Baba, da ni da aka sa wa sunanta. Baba ba ya iya faɗin sunan uwarsa, shi ya sa nake Inna Ƙarama. Shekarar da gero bai yi ba, ya ɗaure kayansa zai tafi ci-rani kudu. Na riƙe masa riga ina kuka, sai ya durƙusa ya ce, "Inna Ƙarama, in shamuwa ta zo, ni ma na zo." Ya hau mota a Tambuwal, daga nan ba mu ƙara jin ɗuriyarsa ba.

Sanyi ya fara ja da baya, amma Inna Babba ba ta yarda a daina hura mata wutar kara a ƙofar ɗakinta bayan sallar isha'i. Idanunta sun yi yana, ba ta ganin komai sai hasken wutar. Tatsuniyarta kuwa ba kyauta ba ce. Duk mai son ji sai ya kawo mata labarin abin da ya gani a daji ranar. Sauran yara kan ce sun ga akuya, ta kore su da dariya. Ni takan jawo ni jikinta ta ce, "Takwara, mi kig gani yau?"

Ita ta koya mini hanyar shamuwa. Ta ce shamuwa ba ta zuwa haka kawai, sai ta aiko 'yan aike. Da farko rimi zai fashe, audugarsa ta cika gari. Sannan ɗorawa ta rataya jajayen furanninta, ƙudan zuma su yi ta guna a kai, jemagu su karɓe su da magariba. Daga nan kuka, wadda ta tsaya tsirara duk rani, ta fito da 'yan ganye tun ɗigon ruwa bai sauka ba. Na zama mai gadin itatuwan garinmu. Ranar da na ga audugar rimi a kan ɗankwalin mahaifiyata, sai da na tuntsurar da tulu saboda saurin kai labari.

Tatsuniyar da ta fi maimaita mana a shekarar ita ce ta Gaiwa da Shamuwa. Takan buɗe da, "Ga ta nan tafe, ku ba ta wuri," mu ce, "Ta zauna."

Wai Gaiwa, kifin nan na fadama, ƙawar Shamuwa ce, tabki ɗaya suke ci. Da tabkin ya fara ƙafewa, Shamuwa ta ce za ta tafi kudu ta kira ruwa. Gaiwa ba ta da fiffike, sai ta nutse cikin laka ta naɗe, ta bar 'yar ƙofar numfashi. Laka ta bushe a kanta har shanu na takawa. Ƙadangare ya leƙo ya ce, "Ƙawarki ta sami babban gulbi, ta manta da ke." Gaiwa ta ce, "Matsa, kana tare mini ji." Tana kwance tana saurare. Ta ji awaki na taunar 'ya'yan gawo, ta ji ƙudan zuma a ɗorawa. Rannan ta ji fiffiken ƙawarta a sama, amma ƙasa na nan ƙeƙas. Ƙadangare ya dawo yana gyaɗa kai: "To ga ta ta zo, ina ruwan?" A nan Inna kan sassauta murya, ta ce, "Gaiwa tac ce, wanda yaz zo da labari, ai ruwa na bayanai." Ba a daɗe ba hadari ya haɗu, tabki ya cika, Gaiwa ta fito ta rame, amma da ranta.

Kuka ta yi ganye. Wata safiya na ga shamuwa biyu a kan tsamiyar bayan gidanmu, suna jan tsinke. Na sa zanen sallata, na je bakin hanya na zauna har rana ta faɗi. 'Yan ci-rani suka yi ta saukowa da buhuna da rediyo, ba Baba. Wani ya ce ya gan shi tun farkon rani, wani ya ce bai sani ba. Mahaifiyata ta daina cin tuwon dare, ga gona ko shara ba a yi ba.

Na ce da Inna na daina duba komai, itatuwanta maƙaryata ne. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Ke takwara, gaggawa gare ki. Shamuwa ai ba ita ta ƙarshe ba. Kwaɗi sun yi kuka?" Ruwan farko ya sauka, kwaɗi suka kwana suna kuka, ta ce saura shinge, wato gina mai fiffike, ya tashi. Shinge ya tashi, muka kama muka soya, ta ce saura gawo ya zubar da ganye, don shi sai damina ta kankama yake tuɓewa. Na ce, "Inna, ƙari kike yi!" Ta ce, "Ni da ban gani, ina ni ka ƙari? Tai ki duba."

Ƙannen Baba suka yi mana shuka. Gawo na cikin zubar da ganye wata la'asar wani mutum ya yi sallama, ya rame har ban gane shi ba, ba buhu ba rediyo. Ashe Baba ne. Ciwo ne ya kwantar da shi a can, ba wanda zai aiko. Inna ta shafa fuskarsa da hannu biyu, ta daɗe tana shafawa, sannan ta fashe da kukan da ban taɓa jin ta yi ba. Sai a ranar na san ba ni kaɗai ke jira ba. Ita ɗa ne gare ta a hanya, ni kuma idonta ce.

Yau ina koyarwa a Tambuwal, nawa ɗan fari yana can kudu, wayarsa wani lokaci ta shiga, wani lokaci a'a. Na kama kaina ina tsayawa gindin ɗorawa a hanyar makaranta. Ina kewar tsohuwar nan ƙwarai. Da ina ɗauka ta ruɗe ni ne don in yi shiru. Yanzu na gane ta ba ni abin dubawa kowace safiya ne, don kada jira ya cinye ni.

Kafin ta rasu, na taɓa tsokanarta. Na ce, "Inna, da gawo ya gama zuba Baba bai zo ba fa, me za ki ce?" Ta juya fuskarta wajen wuta, ta ce, "Sai mu koma ga rimi, takwara. Ai shina sake fashewa."