Hannun da Kakana Ya Ɗora

Jiya a kasuwar Badaguishiri wata ta ce min, "Kakanki maɗori, Allah ya jiƙansa, ba shi da tausayi." Na galla mata harara.

Ranar da na faɗo daga amalanke ina ƙarama na karye a hannu, shi ya yi min ɗori. Har yau ina jin warin man shanu da sanyin yatsunsa. Ina ihu, bai ko dubi fuskata ba. Inna ta ce, "Baba, a sassauta mata."

Ya ce, "Fita! In na saurari kukanta, da karkataccen hannu za ta girma."

Ya gama ɗaure hannun da karan ɗori, sai na ga gemunsa sharkaf da hawaye.

Da hannun nan nake daka gero. Allah ya lulluɓe shi da rahamar da ya ɓoye mana.