Barmo, mai ɗanɗana mana abin da ba ma sha

Barmo kan fita daga ɗakinsa a Sanyuanli, unguwar 'yan kasuwarmu a wannan ƙasa ta ƙetare, da hantsi, bai ci yaji ba, bai sha shayi ba, ko goro bai taɓa ba. Ya ce harshe kayan aiki ne, ba a ɓata shi da safe. Daga nan sai babban kamfanin giyar da ke bayan gari, inda 'yan kasuwarmu ke sa a yi musu lemon malt marar barasa su kai Kano. Matsalar ita ce, injin da ke cika kwalaben malt shi ne ke cika na giya. Dole wani ya ɗanɗana kafin a yi lodi, mu kuwa Musulmi ne. Barmo Kirista ne daga karkarar Kano, uwarsa burkutu take dafawa, a gindin tukunyarta harshensa ya yi karatu.

Shekara tara yana wannan aiki. Mu kuma in ya shigo gidan abinci, sai kowa ya tuna yana da uzuri, ya tashi don kada a gan shi tare da mai ɗanɗana giya. Ni ma na yi, kuma ina jin kunyar hakan.

A Yulin 2008, ana shirin wasannin Olamfik a ƙasar, kamfanin ya fito da wata sabuwar giya mai ƙamshi, wai irin ta masu dafawa da hannu. Alhaji Sha'aban, wanda Barmo ke wa aiki, yana da kwantenar malt da yake so ta isa Kano kafin azumi. A gabana Barmo ya buɗe kwalba ɗaya, ya kurɓa, ya juya a baki, ya tofar. Ya ce a kawo masa sabuwar giyar, ita ma ya kurɓa.

"Alhaji, akwai sauran wannan a cikin naka. Ba su wanke bututu da kyau ba."

Manajan kamfanin ya hau girgiza kai yana "meiyo", wato babu. Alhaji ya ja Barmo gefe.

"Haba Barmo, in ma akwai ai ɗan kaɗan ne. Jibi jirgin ruwa zai bar tashar Nansha."

"Da shi mutane za su sha ruwa, Alhaji."

A shekarar nan biza ta yi wuya, ta Barmo kuwa ta ofishin Alhaji take fitowa. Alhaji ya tuna masa da haka.

"Na sani, ranka ya daɗe. Ba zan sa hannu ba."

Bayan kwana uku gwajin kamfanin ya nuna Barmo ke da gaskiya. Jirgi dai ya riga ya tafi ba tare da kwantenar ba, Alhaji ya yi fushi, bai sabunta masa biza ba. Wata biyar Barmo ya yi a ƙauyensu can gida yana noma kafin wani ɗan kasuwa ya dawo da shi. Ya koma bakin aikinsa, bai taɓa tayar da maganar ba.

Kai ne mai gaskiya ɗaya, Barmo, dutsen da ba a turewa da lallashi. Ranar nan muna da yawa a wurin, kowa da carbinsa, babu wanda ya buɗe baki ya goyi bayanka.

Yanzu ka ce shekaru sun ja, za ka koma gida. Mun gode, Allah ya saka maka da alheri. Duk wanda aka ba amanar abin da zai shiga cikin wani, ya koyi cewa a'a irin taka, ko da abincinsa ne a kai. Ba ka azumi, Barmo, amma a shekarar nan kai ka tsare mana namu.