Ƙato Bayan Ƙato a Ainu Shams

Ranar Juma'ar da ta biyo bayan Babbar Sallah, shekarar da na shiga aji huɗu, Baba ya tsaya a layin da ya raba mu da gidanmu. Ƙungiyar Hausawan Alƙahira ce ke zaɓe, kowace unguwa da kujerarta, mu 'yan Ainu Shams muka taru a saman benen da muke haya. Ƙato bayan ƙato ake yi: ɗan takara ya tsaya, masu sonsa su jeru a bayansa. Su biyu ne, wani ɗalibi ɗan Maraɗi, da Alhaji Ɗanjuma, wanda ya kama benen dukansa daga hannun Bamisire yana ba mu hayar ɗakuna. Alhaji bai damu da nasa layin ba. Na ɗalibin yake kallo, yana jan carbi.

A saman nan na yi wayo. Can nake yi wa Inna shanya, can muke carafke da 'ya'yan Sudaniyawa, mu zura kwando da igiya mai burodi ya saka mana. Ranar zaɓen, tun da safe Inna ta ce, "Mai kwana ƙarƙashin rufin wani ba shi da ra'ayi, sai dai tari." Baba ya ce rufin na Alhaji ne, amma ƙafa tasa ce. Bayan ɗalibin ya je ya tsaya.

Alhaji ya ci, da ma zai ci. Ko wata ba a yi ba ya tare Baba a tsani, fuska a sake: "Ma'alish, Malam, ka yi haƙuri, ƙanena na tafe, yana buƙatar ɗakin." Ƙanen bai taɓa zuwa ba. Muka koma unguwar Faisal, ɗaki babu taga, na rasa makaranta shekarar nan. Dattawan da ke yi mana wa'azin zumunci ba wanda ya ɗauki ko tabarma.

Ina jami'a a Giza na karanta tarihin wata mazaɓa ta ƙasar Ireland da aka daɗe da sokewa, inda manomi ɗan haya ke faɗin zaɓinsa da baki a gaban wakilin mai gona, in ya saɓa a kore shi. Malaminmu ya kira abin tsohon zamani. Na kusa dariya.

Su can sun koma jefa ƙuri'a a ɓoye. Tamu kujerar ma an soke ta, yanzu a waya ake zaɓen ƙungiyar, kowa da sunansa kusa da zaɓinsa. A da ko ba komai, mai korarka sai ya dubi idonka.