Ranar da na goya surukina daga bakin kogi

Ko da zan manta da komai na zamana a Greensboro ta Amurka, ranar da na kai surukina kamun kifi ba za ta fita daga raina ba. Wajen shekara ashirin ke nan, amma har yau idan na tuna sai na ji sanyin ruwan nan a ƙafafuna.

A lokacin ina aikin ɗaukar kaya a wani babban sito, muna zaune a wani ɗan gidan haya a gefen titin Wendover, ni da matata. Mahaifinta ya zo daga Gaya, ta bakin kogin Kwara, don ganin likita, bayan ciwon shanyewar jiki ya taɓa shi ya bar masa ƙafar hagu tana ja. Baba Basarke ne, a cikin kwalekwale ya girma, ya yi shekara arba'in yana jefa birgi yana ƙetarar da mutane a Kwara. Ni kuwa ɗan Maradi ne, ruwan da na sani bai wuce na randa ba. Tun da ya zo, aikinsa zama a bakin taga yana kallon motoci. Ba ya ƙorafi, amma kowa ya gan shi ya san mutumin nan yana ƙarewa a zaune, kuma abin yana damun mu ƙwarai.

Wata rana wani Bature abokin aikina ya ba ni mujallar masu kamun kifi, na kawo gida na ajiye. Baba ya ɗauka ya daɗe a kan wani hoto: mutum tsaye a tsakiyar kogi da doguwar sanda, yana kama wani kifin ruwan sanyi da suke kira tirawut. Ba tana suke sa wa ƙugiyar ba, gashin tsuntsu ake ɗaura mata ta yi kama da ƙwaro. Ya tambayi 'yarsa, "Wai da gashi kawai yake ci?" Wannan ce tambaya ta farko da ya yi a kan wani abu tun zuwansa. Nan take na ƙudura sai na kai shi.

Abokin nawa ya ce kogunan suna can cikin duwatsu ta yamma, tafiyar kusan awa uku, kuma baƙo ba ya zuwa sai da ɗan jagora. Ya rubuto mini lamba biyu.

Na farkon dattijo ne mai magana a hankali. Ko gama gaisawa ba mu yi ba ya shiga jero tambayoyi. Shekarar mutumin nawa? Yaya gwiwoyinsa? Yana shan wani magani? Zai iya tsayuwar rabin awa ba tare da ya dafa komai ba? Raina ya ɓaci. Ni da ko sunan Baba ba na kamawa, ba na cin abinci a gabansa, ba na haɗa ido da shi, ni ne zan zauna ina lissafa wa wani baƙo lalurar jikinsa a waya? A ganina wannan tonon asiri ne. Na ce zan sake kira, na ajiye wayar.

Na biyun saurayi ne mai fara'a, kome na faɗa sai ya ce ba matsala. Sai bakina ya buɗe. Na ce masa wanda zan kawo ba ɗan koyo ba ne, sarkin ruwa ne a ƙasarsu, kada ya kuskura ya riƙa nuna masa abu kamar yaro. Zancen ƙafa ban ko kusance shi ba. Saurayin ya yi murna, ya ce to ai shi ke nan, zai kai mu wani wuri da ba ya kai 'yan koyo. Ni kuma gogan naku sai na ji daɗi, wai na nema wa surukina girma.

Ranar Asabar muka yi sammako bayan sallar asuba. Muka yanki lasin na kamun kifi a wani ɗan kanti, muka haɗu da jagoran a gefen hanya. Ya ba mu wandon roba mai kaiwa har ƙirji, ya kama hannun Baba da hannu biyu yana ta yaba shi, ni ina fassarawa har da ƙari. Da Baba ya ji irin kirarin da ake yi masa, sai ya mayar da sandar dogarawarsa cikin mota ya rufe ƙofa. Na gani, na kawar da kai.

Gangaren da ke sauka zuwa kogin ya yi tsawo, ga saiwoyi ga santsi, amma Baba ya sauka da kansa. Da muka iso bakin ruwa ya tsuguna ya sa hannu a ciki, yana kallo. Can ya nuna bayan wani baƙin dutse inda ruwa ke juyawa, ya ce, "Ga kifi can kwance." Jagoran ya riƙe baki, ya ce a daidai nan suka kama babba makon jiya. Ya nuna wa Baba yadda ake lilo da zaren ƙugiyar sau biyu kawai, a na uku Baba ya aje ƙugiyar inda yake so. Ya yi dariya har da tafa cinya. Rabon da in ji dariyarsa tun a gida.

Daga inda yake tsaye zaren ba ya isa bayan dutsen sosai, sai ya taka ya shiga tsakiya. Taku na huɗu ƙafar hagun ta ƙi bin sa. Ya faɗi ta baya, ruwa ya cika wandon robar ya ja shi, hularsa ta yi gaba. Ni dai salati kawai nake yi, na kasa ko motsi. Jagoran ne ya faɗa ya cafko shi ta igiyar kafaɗar wandon, ya jawo shi gaɓa.

Ruwan dutse ne, sanyinsa kamar ƙanƙara. Baba yana karkarwa, leɓensa ya sauya launi. Jagoran ya daka mini tsawa, ya ce a cire masa jiƙaƙƙun kaya yanzu-yanzu. Haka na tuɓe surukina da hannuna, na goge masa jiki da rigata, na sa masa jaket ɗina. Ya rufe ido har na gama. Sai a lokacin saurayin ya lura da ƙafar. Ya dube ni ya ce, "Me ya sa ba ka gaya mini ba? Akwai wuri shimfiɗaɗɗe minti goma daga nan, har da benci, mota na zuwa bakin ruwa." Hawan kuwa ya gagari Baba, dole na goya shi a bayana har mota, jagoran na tallafe da shi ta baya.

Mun yi fiye da awa ɗaya a hanya, na ƙure na'urar ɗumama mota. Sannan Baba ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Ka faɗa wa yaron nan zancen ƙafata?"

Na ce, "A'a, Baba. Nauyi na ji."

Ya ce, "Ni duk wanda zai shiga jirgina sai ya gaya mini gaskiyar jikinsa, ko hakimi ne. In ya ɓoye, a gaɓa nake barin sa." Ya ƙara da cewa, "Ni ma na bar sandata. Kada ka gaya wa 'yata."

Ban gaya mata ba. Na ce iska ce ta ɗauke hular. Na yi ta neman hanyar da zan ce mu koma wurin mai bencin, bakina ya kasa, shi ma bai sake tayar da zancen kogi ba. Bayan wata ɗaya ya koma Gaya, shekarar da ta biyo baya Allah ya yi masa rasuwa, bai kama tirawut ko ɗaya ba.

Bayan sadakar arba'in na zaunar da matata na faɗa mata komai. Ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta ce ai ta sani. A ranar da abin ya faru Baba ya gaya mata, ya ce kada ta nuna mini, don kada in ji kunya.

Abin da na koya shi ne, akwai girmamawar da ba ta da amfani sai cutarwa. Idan za ka danƙa ran mutum a hannun wani, jagora ne ko likita ko direba, ka faɗi gaskiyar halin da yake ciki kome nauyinta a bakinka, kuma ka zaɓi wanda ya damu ya ji ta. Kalma biyar na kasa faɗa a waya don in rufa wa surukina asiri, na ƙare da tuɓe shi a gaban baƙo.