Azumin Laraba

Ƙamshin man shanu a kan tuwo mai zafi ne ya dawo mini da Baffa. A wajen wani suna ne a garin McLeansville, nan ƙasar waje inda muke zaune, an shimfiɗa tabarmi a bayan gida, sai ga wani baƙo an shigo da shi. Aka ce shugaban ƙungiyar ma'aikata ne, yana neman kujerar kansila. Kowa na kallon fuskarsa, ni kuwa hannunsa nake kallo. Bari in gaya maka dalili.

Baffa ƙanen mahaifina ne. Masaƙa ɗaya suke aiki, akushi ɗaya suke ci tun suna yara. Idan an yi magariba Kaka kan aika musu tuwo zaure, su zauna gwiwa da gwiwa, audugar masaƙa ba ta gama fita daga gashinsu ba. Allah ya ba Baffa baki. Shi ya ja ma'aikata yajin aiki, shi yake rubuta sanarwa da ajami a bangon masallaci don kowa ya iya karantawa. Da zaɓe ya zo suka ɗauke shi a kafaɗa suka kai shi kansila. Bai canja ba. Ya sa an gyara mana rijiya, kuma kullum hannunsa na cikin akushin nan.

Daga nan sai majalisar jiha. Ya koma birni, sunansa ya koma Onarabul, zuwansa ya koma na salla da ta'aziyya.

Wata damina raɗe-raɗi ya cika unguwa cewa za a rufe masaƙa, wai an ga motar Baffa a ƙofar masu ita. Wasu ma suka ce ma'aikata sun sha alwashin sai sun sa masa wani abu a abinci. Gidanmu kuwa da masaƙar nan yake ci. Baba ya daina barci sosai.

Ran nan da hantsi, ruwa ya ɗauke ke nan, ƙasa na ƙamshi, sai ga Baffa. Kaka ba ta jira magariba ba, ta tuƙa tuwo da kanta, ta kwarara man shanu. Aka ajiye akushi tsakaninsa da Baba.

"Za a rufe ta?" in ji Baba.

"Yaya, ina numfashi? Ba mai rufe ta."

"Alhamdu lillahi. To, bisimilla."

Baffa ya dubi tuwon, ya dubi Baba, ya gyara hannun rigarsa. "Ina azumi, Yaya."

Daga bayan labule Kaka ta ce, "Yau fa Laraba. Ko a majalisa an matso da Alhamis ne?"

Ba wanda ya yi dariya. Baba ya ci loma ɗaya a gabansa, a hankali, yana kallonsa, don ya ga babu komai a ciki. Sannan ya rufe akushin.

Kafin lokacin girbi ya yi, an sa wa masaƙa kwaɗo. Baba ya koma ɗinkin buhu a kasuwa. Ya ci gaba da gaisawa da ƙanensa har ya rasu, amma akushin nan bai sake fitowa zaure ba.

Har yau ban san gaskiyar ba. Mai yiwuwa ramuwa yake yi, ramuwa ba ta da rana. Mai yiwuwa tsoron ɗan'uwansa ya ji, ko kunyar cin tuwon mutumin da ya riga ya sayar. Duk sun koma ga Wanda ya sani, ina kuma nema musu gafara bayan kowace salla.

Shi baƙon namu na McLeansville ya naɗe hannun riga, ya zauna a tabarma, ya ci tuwo da hannu har da neman ƙari. A mota, muna bin titin Wendover, 'yata ta ce mini da Turanci mutumin kirki ne, in zaɓe shi.

Na ce zan zaɓe shi, in sha Allahu. Amma Baffa ma ya ci da mu lokacin da yake kansila. In wannan ya haura gaba, a sake gayyato shi, a sa ranar Laraba.