Ranar da Albarkar Uwa ta karkace

Shekarun baya, tun kafin injin yankan sitika ya zama ruwan dare a Minna, na yi koyon aikin rubutun mota a shagon wani dattijo a Tudun Wada. Ogan nawa Kirista ne mutumin kudancin Kaduna, ba shi da yawan magana. A bayan sitika muke zana harafi da biro da rula, mu bi shi da reza, mu jiƙa gilashi da ruwan sabulu mu manna. Wata uku ina yanka, bai bar ni na manna ko ɗigo ba.

Ni kuwa kaina ya riga ya kumbura, don hannuna na da kyau, kuma na san yana da kyau. Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda oga ke awo: ya kama zare, ya auna daga robar da ta zagaye gilashi, ya ɗiga alli, shi ke nan. Na raina wannan aiki na gargajiya. Na je na sayo ma'aunin magina, mai ɗan ruwan nan a tsakiya da ke nuna ko abu ya miƙe. Da oga ya gani sai ya yi murmushi, daga ranar ya koma kira na Injiniya.

Wata Asabar ya tafi ɗaurin aure a coci, ya ce in tsare shago. Da hantsi sai ga wani direba mutumin Bida da farar bas. Shekara da shekaru yana tuƙa motar mutane, wannan ce tasa ta farko. Ya ce mahaifiyarsa na Garatu, wani ƙauye a hanyar Bida, ta tara dangi za a yi wa motar addu'a bayan la'asar, kuma ya yi mata alkawarin ba zai kawo ta ba sai da ALBARKAR UWA a gilashin baya. Ya tambayi oga, na ce ai ganin oga gani na ne.

Na yanka haruffa ja masu kaurin gaske, na ɗora ma'aunina a gilashi har ruwan ya tsaya cak a tsakiya, na ja layi, na manna. Babu kumfa ko ɗaya. Na ja da baya ina kallo, har ina tausayin oga da zarensa.

Abin da ban duba ba shi ne inda motar take tsaye. Tayoyin dama na kan kankaren kwalbati, na hagu na ƙasa, duk motar a karkace take. Da direban ya sauko da ita kan kwalta ta daidaita, sai rubutuna ya tashi daga kusurwar sama ya gangara ƙasa kamar mai neman faɗuwa. Masu faci da ke gefenmu suka fashe da dariya. Shi direban bai yi dariya ba, cikin Hausarsa ta mutanen Bida ya ce:

"Malam, mama na bai iya karatu ba, amma ido nashi yana gani. Haka zan kai mishi?"

Kunya ta kama ni har cikin ƙashi. Amma ban yi gardama ba, na ce ya ba ni zuwa la'asar. Sitikar da aka ɓare ba ta sake mannuwa, dole sabon yanka. Ina kankare haruffan da reza ne oga ya dawo cikin kayan bikinsa. Ya dubi gilashin, ya dubi kwalbatin, ya dubi ma'aunina. Na jira faɗa, sai kawai ya ciro zaren daga aljihu ya miƙo mini.

"Injiniya, mota aka kawo maka, ba ƙasa ba. Auna ta da jikinta."

Ya jawo benci ya zauna, bai taɓa mini komai ba. Na sake yanka haruffa goma sha ɗaya, gumi na ɗiga a kan rula. Na auna daga roba, dama da hagu, na manna. Ana kiran la'asar direban ya zagaya motar sau biyu, ya gyaɗa kai, ya ja ta ya nufi hanyar Bida.

Yau ina da shagona da injina, kuma ban yi ƙarya ba in na ce aikina ba ya buƙatar talla. Amma tun daga ranar ban ƙara raina dabarar wanda ya riga ni a sana'a ba sai na tambayi dalilinta. Ilimina bai yi kuskure ba, ruwan ya tsaya a tsakiya, wurin amfani da shi ne ban sani ba.

Kwana biyu bayan wancan aikin direban ya biyo ta shagon oga. Ya ce da ya isa, tsohuwar ta sa ya karanta mata, sannan ta bi haruffan da tafin hannu ɗaya bayan ɗaya tana hawaye, ta ce a yi wa wanda ya rubuta addu'a shi ma. Har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi, don saura ƙiris in aika mata da shi a karkace.